Turunku, Uwar Zariya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarihinta da Yanayin Ƙasarta

Duk Bazazzagin da ya taɓa hawa mota daga Zariya zuwa Kaduna ya gifta ta kusa da Turunku, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ratsewa suka shiga. Ni haifaffen cikin birnin Zariya ne, kuma na daɗe ina koyar da tarihi a makarantar sakandare. Duk shekara sai ɗalibai sun yi mini tambayoyi a kan wannan gari, wani lokaci ma iyayensu ne ke tare ni a ƙofar masallaci. Na tattara waɗanda suka fi yawan dawowa na amsa su a nan, domin ina jin ciwon yadda muke ambaton Sarauniya Amina da alfahari alhali ba mu san hanyar garin iyayenta ba.

Malam, a ina Turunku take?

Tana Jihar Kaduna, cikin masarautar Zazzau, kudu da birnin Zariya. Idan aka auna a miƙe, tsakaninsu bai wuce kilomita 40 ba. Tagwayen hanyar Kaduna zuwa Zariya ba ta bi ta cikin garin ba, garin yana gabas da ita, don haka sai an ratse. A yau ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Igabi, wadda ta yi iyaka da Zariya da Giwa ta arewa, da Soba ta gabas, da Birnin Gwari ta yamma, ta kudu kuma ta shige har cikin unguwannin Kaduna.

In dai Turunku ce hedikwata, me ya sa ake cewa Ƙaramar Hukumar Igabi?

Igabi gari ne daban, shi ya ba ƙaramar hukumar suna, sakatariya kuma tana Turunku. Wannan ba baƙon abu ba ne a Jihar Kaduna. Ƙaramar Hukumar Kudan hedikwatarta Hunkuyi, ta Soba tana Maigana, ta Kubau tana Anchau, ta Lere tana Saminaka, ta Chikun tana Kujama, ta Jama'a kuma tana Kafanchan. Sau da yawa sunan tsohuwar gunduma ne ake ɗauka, ofis kuma a ajiye shi a wani gari.

A ganina ajiye hedikwata a Turunku daidai ne. Da an kai ta Rigasa ko Rigachikun, inda jama'a suka fi yawa, da birnin Kaduna ya haɗiye ta, mutanen karkara kuma sun rasa dalilin da zai sa jami'i ya taka ƙasarsu.

Da gaske ne Turunku ta girmi Zariya?

A matsayin mazaunin sarauta, ƙwarai kuwa. Abin da ke rikita mutane shi ne haɗa Zazzau da Zariya. Zazzau sunan ƙasa ne da sarauta, Zariya sunan birni ne. Sarautar ta daɗe kafin birnin ya zama fadarta. A labarin Hausa Bakwai, Gunguma ɗan Bawo, jikan Bayajidda, shi ne sarkin Zazzau na farko, kuma jerin sarakunan Haɓe na Zazzau da shi yake farawa. Waɗanda suka biyo bayansa ba wuri guda suka zauna ba. Labaran baka suna ambaton Kawar da Rikoci da Wuciciri, sannan Turunku, kafin a zo yankin dutsen Kufena inda birnin Zariya ya tsaya.

Ke nan Turunku ita ce zangon ƙarshe kafin Zariya. Shi ya sa nake kiranta uwa. Amma a lura, wannan ba ya nufin babu kowa a yankin Zariya kafin a taso daga Turunku. Gindin Kufena tsohon mazauni ne mai ganuwarsa, kuma binciken da masana kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi a Samaru cikin shekarun 1970 ya tono wuraren narka tama da suka haura shekara 1,000. Mutane suna nan suna noma da ƙira tun kafin a san sunan Bakwa, mai sarautar Turunku. Sarauta ce ta taso ta same su, ta haɗa kansu cikin ganuwa ɗaya.

Bakwa Turunku namiji ne ko mace?

Wannan tambaya ba ta taɓa tsallake aji ba. A jerin sarakunan Zazzau, Bakwa Turunku shi ne na 22, kuma yawancin littattafai suna sanya hawansa sarauta a wajen 1536. Wasu ruwayoyi suna cewa mace ce, uwar Amina da ƙanwarta Zariya. Wasu suna cewa namiji ne, uban yaran. Sunan kansa bai raba gardama ba, kuma kirarin da ake yi wa Amina, "'yar Bakwa ta san rana", ya dace da kowanne.

Wasu marubuta na zamanin Turawa sun yi hasashen cewa sunan yana nufin baƙo daga Toronkawa, wato mutumin yamma. Ni ban gamsu da wannan ba. Kamannin sauti kaɗai ba hujja ba ce, kuma marubutan wancan lokaci suna da ɗabi'ar jingina duk wani abin kirki da suka tarar a ƙasar Hausa ga baƙi. Abin da ruwayoyi suka haɗu a kai shi ne, sunan Bakwa a ɗaure yake da Turunku, kuma daga gidansa ne aka sami waɗanda suka kafa fada a Zariya.

To, Sarauniya Amina 'yar Turunku ce ke nan?

Idan 'yar Bakwa ce, kamar yadda al'adarmu ta tabbatar, to gidan iyayenta Turunku ne, kuma haka mutanen garin suke ɗaukarta. Sai dai akwai ƙulli a maganar zamaninta da ya kamata mai karatu ya sani, don kada wani ya rikita shi a wajen muhawara.

Tsofaffin rubuce-rubuce biyu ne suka fi ƙarfi a kanta. Na farko Tarihin Kano, wanda ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, da ake lissafa sarautarsa daga 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, kowane gari yana kawo mata gaisuwa, Sarkin Nupe ya aiko mata da bābanni 40 da goro 10,000, kuma ta yi shekara 34 tana yaƙe-yaƙenta. Na biyu Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda aka rubuta wajen 1812. Shi ma ya ambaci yaƙe-yaƙenta, ya ce Katsina da Kano sun bi ta, ya kuma ce ta rasu a Atagara.

Ga inda ƙullin yake. Idan Bakwa ya hau a wajen 1536, ɗan'uwan Amina Karama ya biyo baya, ita kuma ta karɓi ragama a wajen 1576 kamar yadda ake koyarwa a makarantu, to tsakanin wannan lissafi da na Tarihin Kano akwai tazarar fiye da shekara 100. Bugu da ƙari, sunanta ba ya cikin jerin sarakunan Zazzau ɗin kansa. Wannan ya sa wasu masana suke ganin ta yi mulki ne a matsayin jagorar yaƙi da mai faɗa a ji, ba tare da an naɗa ta sarki ba. Wasu kuma suna ganin jerin ne aka tsallake ta.

Abin da nake faɗa wa ɗalibaina shi ne, saɓanin shekaru ba ya share mutum daga tarihi. Mace ce da marubucin Kano da marubucin Sakkwato, waɗanda ba Zazzagawa ba, suka ga ba za a ba da labarin ƙasar Hausa ba tare da ita ba. Har gobe idan aka ga tsohuwar ganuwa a daji a wurare da dama na ƙasar Hausa, "ganuwar Amina" ake ce mata, ko da ba ita ta gina ba. Sunanta yana kan ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejin 'yan mata ta Kakuri a Kaduna. Garin da ta fito ne kawai aka manta.

Me ya sa aka tashi daga Turunku aka koma Zariya?

Dalilin da labaran baka suka fi nanatawa shi ne ruwa. Gari ya cika, dawakin yaƙi sun yi yawa, fatake suna sauka, ruwan da ke gindin duwatsu kuma bai isa ba idan rani ya yi nisa. Wanda ya san Zariya zai ga hikimar zaɓen. Kogin Kubanni yana ratsa ta, Galma tana gabas da ita, akwai fadamu har a cikin ganuwa, irin Fadamar Bono, ga dutsen Madarkaci a ciki, ga Kufena ta yamma tana gadi. Filin da ganuwar birni ta kewaye ya isa a yi noma a ciki idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya.

Akwai kuma maganar ciniki. Matsawa arewa ya kusantar da fada ga hanyoyin Kano da Katsina, inda kayan Sahara ke sauka, alhali ƙofar kudu, ta goro da bayi da ƙarafa, tana nan a hannun Zazzau. Birnin kuma, bisa al'ada, ya ci sunan Zariya, ƙanwar Amina.

Me ya sa magabata suke son kafa gari a gindin dutse?

Nan ne tarihi da yanayin ƙasa suka haɗu, kuma nan na fi son tsayawa. Ƙasar Zazzau ta arewa shimfiɗaɗɗen tudu ce, sama da mita 600 daga doron teku. A tsakiyar wannan shimfiɗa sai ka ga ƙaton dutse ya taso shi kaɗai, sumul, kamar an kife ƙwarya. Kufena haka take, Tukur-Tukur haka, duwatsun Turunku ma haka. Irin dutsen nan ne mai tauri da ake fasawa a yi tsakuwar gini. Ƙasar da ke kewaye da shi ruwa da iska suka cinye a tsawon zamani, shi ya ƙi ciyuwa.

Irin wannan dutse yana ba mutane abubuwa da yawa a lokaci guda. Daga kansa ana hango ƙurar mahara tun suna nesa, mata da yara kuma su sami mafaka a kogunansa. Ruwan sama da ya zuba a kansa ba ya nutsewa, gangarowa yake ya taru a gindi, sai ƙasar wurin ta riƙe laima bayan ko'ina ya bushe, rijiya kuma ba ta yin zurfi. A kusa akan sami marmara mai tama, abincin maƙera, wato fartanya da mashi. Sannan kafin Musulunci ya kafu, mutane suna ɗaukar manyan duwatsu a matsayin mazaunin iskoki, masu kula da tsafin wurin kuma su ne masu faɗa a ji. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi bayanin cewa a kewayen irin waɗannan duwatsu ne manyan biranen Hausa suka tsiro. Dala ta haifi Kano. Turunku da Kufena suka haifi Zazzau da muka sani.

Sai dai abin da ya isa ƙauyuka goma ba lallai ya ishi babban birni ba. Dutsen da ya tara mutane a Turunku shi ne kuma ya yi musu iyaka.

Mene ne Turunku Tsohuwa da Turunku Sabuwa?

Garin kashi biyu ne, kamar yadda sunayen suka nuna. Kayan tarihi suna ɓangaren tsohon mazauni, wajen duwatsu: ragowar ganuwa, tsingaron tukwane a gonaki, da wuraren da mutanen gari ke dangantawa da Bakwa da Amina, har da inda suke nunawa a matsayin kabarin Bakwa. Samun tsoho da sabon gari masu suna ɗaya abu ne da ya yawaita a ƙasar Zazzau. Da hare-hare suka lafa a farkon ƙarni na 20, jama'a da dama suka bar matsatsin duwatsu da ganuwa suka sauko fili, kusa da gona da hanya.

Yaya damina da rani suke a can, kuma me ake nomawa?

Kusan ɗaya da Zariya. Ruwa yakan sauka sosai daga Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a Oktoba. A shekara ana samun kimanin milimita 1,000 ko sama da haka kaɗan, kuma yana ƙaruwa idan ana gangarawa kudu. Hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bazara mai zafi a Maris da Afrilu. Rafukan yankin duk Kogin Kaduna suke zuba wa, shi kuma ya kai Kwara a ƙasar Nupe.

A jigawa masara ce sarauniya yanzu, sai dawa, waken suya, wake da gyaɗa. A fadama akwai shinkafa da rake, da rani kuma tumatir, attarugu da albasa. Tsofaffi za su gaya maka ba haka abin yake ba a da: dawa da gero ne abinci, auduga ce kuɗi. Masara ta mamaye gonaki ne bayan da takin zamani da ingantaccen iri suka yaɗu daga shekarun 1970, aikin da cibiyar binciken noma ta Samaru ta taka rawa a ciki. Itatuwan gona su ne ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka da mangwaro. Idan ka ga rukunin rimi ko kuka a tsakiyar daji ba gida kusa, ka duba ƙasa da kyau, galibi kufai ne.

Me ya sami garin a lokacin jihadi da zuwan Turawa?

A lokacin jihadi fada ta daɗe da barin Turunku, don haka abin da ya sami Zariya shi ya same ta. Malam Musa Bamalli ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci birnin, Sarkin Haɓe Muhammadu Makau ya yi kudu zuwa Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja, inda sarkinsu har yau yake amsa sunan Sarkin Zazzau. Ke nan gadon gidan Bakwa ya rabu biyu: ƙasa da birni suna nan, zuriyar tsohuwar sarauta tana Suleja. A Zariya mulki ya koma hannun gidaje huɗu, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa.

Turawa sun shigo Zariya a 1902. Babban canjin da suka kawo wa garuruwan karkara shi ne tsarin gunduma. Kafin su, mai sarauta yana zaune a birni, garuruwan da ke ƙarƙashinsa a warwatse, jakadu ne ke zuwa karɓo haraji. Turawa suka yanka ƙasa gunduma-gunduma, suka ce kowane hakimi ya fita ya zauna cikin talakawansa. Daga nan ne aka fara samun ƙananan garuruwa masu gidan hakimi, kotun alƙali, ɗakin shan magani da makarantar elemantare.

Me ya sa gari mai irin wannan tarihi bai girma ba?

Hanya ce ta guje shi, har sau uku. Fada ta tashi ta koma Zariya. Sai layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ya bi ta yamma, ta Rigachikun da Birnin Yero, ya bar Turunku a gefe. Sannan Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo Kaduna a 1917, titin mota ya bi sawun dogo, kasuwa ta bi titi.

Dubi abin da ke cikin Ƙaramar Hukumar Igabi a yau. Kwalejin horar da manyan hafsoshin soja tana Jaji tun 1976. Makarantar horar da hafsoshi ta ƙasa tana Afaka, filin jirgin saman Kaduna ma yana cikin ƙaramar hukumar. Tashar jirgin ƙasa ta Kaduna zuwa Abuja, da aka buɗe a 2016, tana Rigasa. Ƙidayar 2006 ta ba Igabi mutum sama da 430,000, kuma mafi yawan cunkoson yana ɓangaren da ya manne da Kaduna. Duk waɗannan suna kan titi ko bakin birni. Hedikwatar kuwa tana can cikin gonaki, ma'aikata da yawa suna zuwa da safe su koma Kaduna ko Zariya da yamma, albashinsu ba ya kwana a garin.

Amma rashin girman ya yi wani amfani. A Zariya mun ga yadda gine-gine da masu ɗibar ƙasa suka cinye ganuwa, har wasu wuraren sai an nuna maka inda take a da. A Turunku matsin bai kai haka ba, shi ya sa har yanzu akwai abin gani. Ruwan sama da garma suna cin nasu a hankali duk shekara, kuma ganuwar ƙasa idan ta kwanta ba ta tashi.

Mene ne bambancin gunduma, mazaɓa da ƙaramar hukuma?

Gunduma ta sarauta ce: hakimi ke riƙe da ita a madadin Sarkin Zazzau, ƙarƙashinsa dagatai, ƙarƙashinsu masu unguwanni. Yawan gundumomi yana canzawa da gwamnati. A 2017 gwamnatin jiha ta rage su daga 390 zuwa 77. Ƙaramar hukuma ta gwamnati ce, mai shugaba da kansiloli, tsarin da ya samo asali daga gyaran 1976, kuma Jihar Kaduna tana da 23. Mazaɓa ita ce yankin kansila ɗaya. Igabi tana da 12: Turunku, Igabi, Zangon Aya, Gadan Gayan, Birnin Yero, Rigachikun, Rigasa, Afaka, Kwarau, Kerawa, Gwaraji da Sabon Birni.

Su wane ne mazauna yankin?

Hausawa manoma ne mafi yawa a Turunku da kewaye, sai Fulani makiyaya a rugage. A kudanci da yammacin ƙaramar hukumar akwai Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, tsofaffin mazauna ƙasar da Kaduna ta zauna a kai.

Ina so in kai iyalina ko ɗalibaina. Yaya zan yi?

Ka tafi da rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da aka gama girbi, ciyawa ta kwanta, layin ganuwa ya fito fili. Da damina masara takan rufe komai, dutse kuma yana santsi. Ka tashi da sassafe ka dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Maganar tsaro ba a wasa da ita: ƙaramar hukumar ta ga tashin hankali a shekarun nan, musamman ɓangarenta na yamma, kamar sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris na 2021. Kafin ka ɗauki yaran mutane, ka tambayi direbobin da ke bin hanyar a makon, su suka fi kowa sanin halin da ake ciki.

Idan ka isa, kada ka zarce dutse kai tsaye. Ka fara zuwa ƙofar mai gari, ka cire takalmi, ka yi gaisuwa: "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Birni, mun zo ganin kufan kakanni." Za a haɗa ka da wanda ya san wurin, kuma ka tanadi ɗan abin goro da za ka ba shi. Ka bar dattawa su ba da labarin yadda suka gada, ko da ya saɓa da abin da ke littafinka. Ka sa yara su rubuta, a kwatanta idan an koma aji. Ku riƙe ruwan sha da yawa da takalmi mai kama dutse. Ka ja kunnen yara kada su rubuta sunayensu a jikin duwatsu, kada su taka kan ganuwa, kuma duk tsingaro ko kashin maƙera da suka gani su ɗauki hotonsa su bar shi a inda yake, domin mai bincike yana karanta abu ne tare da wurin da aka same shi.